Shekarar da Sanduna Suka Yi Zanzana

Samarin da ke zuwa shagona a Fatakwal yanzu, yawancinsu sun riga sun kalli aikin a waya kafin su iso. Sun ga mutum ya haɗa ruwa biyu a ɗan kofi, ya shafa wa mariƙin sandar kamun kifi, hoton ya tsallake, sai ga sanda tana ƙyalli kamar yanzu aka tsamo ta daga ruwa. Sai su ce mini, "Baba, ashe shafe ne kawai." Ba na ja da su, don mai yiwuwa a ƙasar da aka ɗauki hoton haka abin yake. Ni dai abin da na gani a nan zan faɗa, a garin da iskarsa ma jiƙaƙƙiya ce. Ko shi ɗin ba zan rantse cewa na fahimce shi duka ba.

A Inugu aka haife ni. Da rikici ya tashi muka koma Arewa, can na yi karatu har na fito da difloma a fannin haɗa sinadarai. Bayan yaƙin basasa mahaifina ya koma Inugu ya kama ɗaki a unguwar Abakpa Nike, ya sake kafa rumfarsa ta wake da albasa. Lokacin da na gama makaranta kuɗin mai ya riga ya buɗe, kowa na cewa a Fatakwal kamfanoni har roƙon masu takarda suke yi. Na zo da takarduna a ambulan, na zaga ƙofofin kamfanonin unguwar Trans-Amadi, ko'ina sai a ce in sake leƙowa. Wurin abokin mahaifina aka saukar da ni, Baba Mamman, baduku. Shi ma ya gudu ya dawo, ya tarar da rumfarsa a hannun wasu, ya kafa wata ta langa-langa a bayan mayanka.

Asalin aikinsa kube ne da ƙotar wuƙa, na mahauta. Sanda ta shigo masa ne ta hannun wani Bature ma'aikacin mai. Turawan nan da manyan ma'aikata 'yan ƙasa suna da kulob na masu fita kamun kifi a ƙananan jiragen ruwa ranar hutu. Sandunansu sababbin yayi ne, baƙaƙe, na zaren kabon, ka ɗaga da yatsa biyu. Amma mariƙinsu na wani ɓawon itace ne mai laushi, irin wanda ake toshe kwalba da shi, kuma ruwan gishiri da laimar garin nan ba sa barinsa: ya yi baƙi, ya fara marmashewa. Baba ya kankare na Baturen, ya naɗe wurin da fata yadda yake yi wa ƙota. Aiki ya yi kyau, sai dai kafin damina ta fita fatar ta yi funfuna. Daga nan aka koma naɗi da zaren nailan, a rufe shi da ifoksi, ƙaron nan na kwalba biyu da ake liƙe jirgin ruwa da shi. Baba ya iya naɗi, amma rubutun jikin kwalba ba ya karantuwa gare shi. Ni kuma ina zaune a gefe ina jiran kamfani. Ya ce in karanta masa. Kamfani bai kira ba, ni ma ban tashi ba.

Sandar farko da muka yi tare ta wani ɗan ƙabilar Kalabari ce, Injiniya Tamuno, wanda daga baya ya zama shi ke tattaro mana sandunan 'yan kulob a bayan motarsa. Baba ya yi naɗi, zare manne da zare, ba rata. Muka zuba ruwan farar kwalba da na jar kwalba a murfin gwangwani, awon ido, muka shafa. Gari ya waye tana ƙyalli, amma ka taɓa yatsa ya manne. Jibi ma haka. Wannan shi ne danƙo, ciwon da kowane mai koyo ke farawa da shi. Ƙaron nan ba fenti ba ne da iska ke busarwa. Farin shi ne jikinsa, jan shi ke daskarar da shi, kuma idan ɗaya ya rinjayi ɗaya, ko ka shanya a rana har ta gaji ba zai ƙame ba. Mutane kan ɗauka ƙara ja zai sa ya kama da wuri. Iya sanina, ƙara lalata shi yake yi. Danƙo ba shi da magani sai kankara, a hankali, don wuƙa kada ta ciji kabon; idan ta cije shi, ranar da babban kifi ya ja, a daidai nan sanda za ta karye. Na tafi kemis na sayo sirinji biyu, ɗaya na fari ɗaya na ja, na ɗaura wa kowanne zare mai launinsa. Daga ranar Baba ya laƙaba mini Likita, sunana Habibu ya ɓace a bayan mayanka.

Wata sanda kuma, ta wani Bature mai gajen haƙuri, ta fito da ƙananan kumfa cike da jikinta kamar ƙwan kwaɗo. Wannan damawa ce. Wanda ya saba dama koko da ludayi zai kaɗa ƙaro da ƙarfi, ya cusa masa iska. Ana juya shi ne sannu, ana goge gefen kofi, sannan a zuba a kan faffaɗan murfi ya baje, iskar ta samu hanya. Wata iskar kuma a cikin zaren take ɓoye, shi ya sa shafin farko yake zama siriri, don zare ya sha ya ƙoshi kafin a yi na biyu. Wadda ta rage nakan hure ta da bututun biro da aka cire wa tawada. Akwai masu gifta harshen wuta. Ban ce kuskure ba ne, amma ni ina tsoronsa, don na ga zare ya narke.

Sai tumbi. Kafin ya kama, ƙaro kamar zuma yake, yana gangarowa ƙasa, ya taru ya daskare a gefe ɗaya. Dole sanda ta yi ta juyawa har ya tsaya da kansa. Da farko da hannu muke yi, ni da Baba muna karɓeɓeniya, muna hira, wanda ya yi gyangyaɗi ya jawo tumbi. Daga baya wani makaniki ya ba ni injin waifa na tsohuwar mota, na haɗa shi da batir da robar tayar keke. Yana ƙara kamar tsohon ƙyaure, amma bai taɓa gyangyaɗi ba.

Wanda ya fi ba ni wahala a shekarun farko shi ne yana. Da damina sai ka ga shafin ya yi fari-fari, kamar idon da ya yi yana, ka shafa ka ji maiƙo-maiƙo. Na daɗe ina zargin ƙaron, ashe laima ce ke sauka a kansa yana tsakiyar kamawa. Mutumin Arewa bai san iska na iya jiƙa abu ba, shi ya sa hankalinmu bai kai can da wuri ba. Muka yi dogon akwati na katako, muka sa ƙwan lantarki a ciki don ɗumi. Ranar da aka ɗauke wuta, sai in je wurin masu babbaka in ɗauko bulo mai zafi, in naɗe a buhu in sa a ƙasan akwatin. Idan yana ta riga ta fito, a wanke da ruwan ɗumi da sabulu, a bar shi ya bushe sarai, a goga samfefa mai laushi, a sake shafi. Yawanci yana yi. Ba kullum ba.

Da muka shawo kan waɗannan, aiki ya zauna. Rabonsa a fili yake: Baba ya kankare ya naɗa, ni in goge naɗin da sifirit irin na asibiti, in wanke hannuna, in auna, in dama. Amma kafin buroshi ya taɓa sanda akwai abu ɗaya. A dukanci, aiki ba ya barin gaban maigida sai ya bi shi da tafin hannu daga farko har ƙarshe, yana bisimilla, yana jin inda ya yi tudu da inda zare ya tashi. Haka ya gada, haka yake yi wa kube, haka ya riƙa yi wa kowace sanda. Sai ya shafa ya ce, "Likita, zuba," sannan in zuba. Hannun nan nasa busasshe ne kamar ƙirgi, kuma sau da yawa ya gano abin da idona bai gani ba.

Mai zaman rumfarmu na kullum shi ne Audu, mahauci, sa'an Baba, wanda idan ya gama da mayanka yakan zo ya baje a kan benci ya hana mu sakat.

"Baduku," yakan ce, "kai da ka yi wa sarakan fawa kube, yau ka ƙare a ƙera wa Nasara abin wasa. Kifi nawa suka taɓa kawo maka?"

"Sun fi ka," in ji Baba. "Kai ko ƙashin miya sai an yi shari'a da kai."

A shekarun nan kujerar Makka ta zo kusa da talaka, masu rumfa da direbobi duk suna tafiya. Baba ma ya samu ya tafi. Ya dawo da haƙorin Makka, da darduma, da kwalabe na wani turare mai kauri, ruwan zuma, wanda ɗigo ɗaya ke wuni a jiki. Ga wanda rumfarsa ke bayan mayanka, wannan ba ƙaramar ni'ima ba ce. Kullum da safe ya shafa a gemu da tafin hannu, duk wanda ya zo yi masa barka ya ɗiga masa, na kusa kuma ya ƙulla musu a 'yan kwalabe. Unguwa ta ɗauki ƙamshi. Audu ma ya ce matarsa ta tambaye shi ko ya bar fawa ne.

Sandar farko da muka yi bayan dawowarsa, ina cikin shafi na ga ƙaro yana ja da baya. Wuri-wuri sai ya buɗe, ya bar ƙananan ramuka masu zagaye, zare yana leƙowa a tsakiya. Na bi da buroshi na rufe, ya sake buɗewa a daidai wuraren. Da ya ƙame, mariƙin ya fito kamar fuskar wanda ya yi agana. Audu ya leƙa ya ce, "Kai, sandar Nasara ta yi zanzana!" Sunan da ya bi ciwon ke nan.

Na ɗauka tsautsayi ne na rana ɗaya. Ta biyu ta yi, ta uku ta yi. Na zargi ƙaron, na sa Injiniya ya samo mana sabo daga wurin masu jiragen ruwa. Na zargi sirinji, don na taɓa jin cewa ana shafa wa robarsu wani abu mai santsi, na sauya. Na sauya buroshi, na sauya kofi, na rufe akwatin da zane saboda hayaƙin babbaka, na daina aiki ranar da aka yi ruwa. Wata sandar ta fito da sauƙi, wata ta fito kamar an yi mata ruwan tsakuwa. Sandunan da a da ake karɓa ana yaba mana, yanzu sai su kwana biyu su dawo. Wasu 'yan kulob suka fara aika nasu Ikko.

Injiniya Tamuno mutum ne mai kawaici, amma wata rana ya tsaya a bakin rumfa da sanda a hannu ya ce, "Alhaji, wetin happen? Before before, your work dey shine." Wato me ya faru, a da aikin nan ƙyalli yake yi. Ya juyo gare ni ya yi bayani da Turanci: mutanensa sun gaji, shi kaɗai ya rage yana kare mu. Ya ajiye tasa sandar, wadda ya fi so, ya ce mu gwada a kanta. Idan ta yi, zai nuna musu. Idan ba ta yi ba, ba zai iya sake buɗe baki ba.

Kafin mu taɓa ta, zare ya ƙare. Baba ya ce shi zai je Anaca ya sayo a babbar kasuwa, ya kuma yi wa wani ɗan'uwansa ta'aziyya. Ya bar mini wasu sanduna da ya riga ya naɗa, ya ce in shafe su kada su yi ƙura. Na shafe su ina fargaba. Duk suka fito sumul, ko rami ɗaya babu.

Ya dawo ya gan su jere. Ya ɗauki ɗaya ya juya ta a haske, ya ajiye. Washegari muka yi wata tare, yadda muka saba, ta yi zanzana. Ban yi magana ba, amma rumfa ba ta da ƙofa. Kafin Juma'a zance ya zaga: wasu su ce an yi wa hannun Alhaji sammu saboda hassadar Makka, wasu su ce tsufa ne. Shi kuwa ya yanke nasa hukuncin. Ya kira ni bayan la'asar, Audu yana zaune.

"Likita, na duba abin nan. Mutum ya je ya ɗora hannunsa a Ɗakin Allah, ya dawo yana gyara wa masu hutu abin wasa. Ina ganin nuni ake yi mini. Hannun ya gama aikinsa. Rumfa taka ce, ni zan koma gida."

"Wane gida?" in ji Audu. "Wa ka sani a can ban da kaburbura?"

"Ka dai nema mini wuri a motar shanu in za ta koma."

Audu ya yi tsaki, amma ya san abokinsa. Ya yi magana da wani direba, aka ce in sun sauke kaya sun huta za su juya. Baba ya fara rarraba kayan aikinsa, ya ba ni basillarsa da wuƙar yankan fata. Mutumin nan ya gudu sau ɗaya ya bar komai, ya dawo ya fara daga langa-langa. Yanzu zai sake tafiya, wannan karon ba wanda ya kore shi. Kuma in faɗi gaskiyar sana'a, ban iya naɗi kamarsa ba; rumfar da zai bar mini rabin rumfa ce.

Sandar ƙarshen nan mai zanzana ita na zauna ina gogewa da samfefa don in sake ta. Na ɗaga ta a haske in ga inda zan fara, sai na lura ramukan ba barkatai suke ba. A gefe ɗaya layuka ne huɗu, dogaye, a ɗaya gefen layi ɗaya mai faɗi. Na riƙe sandar yadda Baba ke riƙewa in zai shafa, yatsuna suka hau kan layukan. Na ci gaba da guga, wurin ya ɗauki zafi, sai wani ƙamshi ya taso daga cikin zaren, sama-sama, amma ba mai zama a unguwar da zai kasa gane shi.

Ban yarda da hancina ba, don rumfar duka ƙamshin take. Na samo fasasshen gilashin taga na wanke shi da sifirit. Na ɗauko 'yar kwalbar da Baba ya ba ni tsaraba, na ɗiga a yatsa, na murza har ya ɓace, na dangwala a rabin gilashin. Na dama ƙaro na shafe shi duka. Rabin da ban taɓa ba ya kwanta kamar ruwa a faranti. Ɗaya rabin ya buɗe ido a gabana. Na sake a wani gilashin, na kuma sakewa, don kada in je in faɗi abin da ba haka ba.

Sanin abu daban, faɗarsa daban. Turaren nan daga Makka ya zo, kuma mai shi uba ne a wurina. Na jira har Audu ya zo, na durƙusa da gilasan a hannu.

"Baba, akwai wani ɗan abu da na gani. Ban ce shi ne ba. Mai yiwuwa ma ba shi ba ne, don gwajin gilashi ba lallai ya zama daidai da na sanda ba. Sai dai ina ganin kamar, idan ba a samu damuwa ba, wataƙila a iya dubawa ko akwai wata alaƙa..."

"Likita," in ji Audu, "allura za ka yi ko wa'azi? Soka mu huta."

Na nuna musu gilasan, na faɗi abin da na sa a kowane rabi. Audu ya kwashe da dariya har yana buga benci. Baba bai yi dariya ba. Fuskarsa ta ɗaure.

"Turaren Makka ne ƙazanta?"

"A'a, Baba, ba ƙazanta ba ne. Mai ne. Ƙaron ne ba ya zama inda mai ya taɓa, ko na mene ne, ko ɗan yaya ne. Ni ina goge sandar da sifirit, to amma hannunka ne ke bi na ƙarshe."

Ya karɓi gilashin ya daɗe yana kallo. Ya kai hanci. Can ya ce, kamar da kansa yake magana, "Fatar da ta sha mai ba ta karɓar rini. Sai ta yi dabbare-dabbare." Ya dubi tafin hannunsa, ya juya shi. "Tun ina yaro na san wannan."

"To ka ji," in ji Audu. "Ba sammu, ba nuni. Kwalliya ce ta yi maka yawa, tsoho da kai."

"Rufe mana baki, sarkin ƙuda."

Na so a tsaya a nan, a ce daga yau ba mai taɓa naɗi bayan sifirit. Shi ne abin da ya fi aminci, kuma shi nake koya wa masu koyo yanzu, ko a kan mariƙin zamani da ake yi da kabon ɗin kansa, wanda ya ma fi zare nuna aibi. Na fara kewaye-kewayen faɗar haka, Baba ya katse ni.

"Aikin da ban shafa ba, ba nawa ba ne. In hannuna ba zai hau sanda ba, zaman me nake yi? Gobe za mu yi ta Injiniya. Zan wanke hannu yadda ka ce, zan kuma shafa. In ta yi zanzana, ba turare ba ne, ni ne, mota kuma tana nan."

Na ce ko za a fara gwadawa a kan wata karyayyar sanda tukuna. Ya ce shi ba yaro ba ne da za a ba shi allon gwaji. Ban san iya zurfin da mai irin wannan ke shiga fatar mutum ba, bayan wata da watanni ana shafawa, kuma ba littafin da zan duba. Na dai ce kada ya taɓa kwalbar daga yanzu har gobe, ya ce ya ji.

Da safe ya zo ba ƙamshi, har wani iri na ji. Ya yi naɗin sandar Injiniya da baƙin zare da ratsin ja, irin naɗin da ban ga ya yi ba tun kafin tafiyarsa. Na kawo ruwan ɗumi da sabulun wanki, ya wanke har gwiwar hannu, ya cuɗa da toka, ya ɗauraye. Na zuba masa sifirit a tafi, ya yamutsa fuska ya ce warin asibiti. Na ce a ƙara sau ɗaya. Ya harare ni, amma ya miƙo. Muka jira hannun ya bushe a iska, yana riƙe da shi sama kamar mai addu'a, don na hana shi gogewa a riga. Rigunansa duk sun sha turaren.

Na goge naɗin. Ya yi bisimilla, ya bi shi da tafin hannu daga gindi har inda ya ƙare, a hankali, ya tsaya wuri ɗaya ya danne wani zare da farce. "Likita, zuba."

Zanzana ba ta ɓata lokaci. In za ta fito, kafin ka wanke buroshi ta fito. Na shafa siriri, na ɗora sandar a kan injin, na haɗa batir. Muka tsuguna a gaban akwatin, injin waifa yana ta ƙara. Ƙaro ya shige cikin zare, baƙin ya ƙara baƙi, jan ya taso. Kusa da gindi na ga wani ɗigo, na kai fuska. Kumfa ce. Na hure ta da bututun biro, wurin ya rufe, bai sake buɗewa ba. Sanda ta yi ta juyawa, hasken ƙwan lantarki yana tafiya a jikinta a miƙe, ba inda ya karye.

"Ya kake gani?" in ji Baba.

"Ina ganin kamar ta yi. Sai dai a jira shafi na biyu kafin a tabbatar."

"Kai dai ko Aljanna aka sa ka, sai ka ce a jira a gani."

Ya tashi ya jawo wata sandar daga cikin waɗanda aka dawo mana da su, ya ɗora a cinya, ya ce in ba shi wuƙarsa da ya ba ni, aro. Yana cikin kankara sai ga Audu, ko wanka bai tsaya yi ba, amma ya shafo turaren tsarabarsa har yana tashi tun daga nesa. Ya yi sallama, ya ce direba ya aiko, sun fara ɗaure kaya, in Alhaji zai tafi ya fito da jakarsa. Ya miƙo hannu a gaisa.

Baba ya dubi hannun, ya dunƙule nasa, ya miƙa masa tsintsiyar hannu, yadda mahauta ke yi wa mutane in suna cikin jini.

Audu ya tsaya baki buɗe. "Ni? Ni za ka ba tsintsiyar hannu? Baduku, yau ni ne mai ƙazamin hannu saboda na shafa turarenka?"

"Kama ka sake ni, ina da aiki," in ji Baba. "Ka ce wa direba ya ba wani wurin."